Zafin gida daga zane yake farawa

Akwai gwajin da kowa zai iya yi ba sai ya nemi injiniya ba. A lokacin zafi, da misalin ƙarfe tara na dare, mutum ya shiga ɗakin da bangonsa ke kallon yamma, ya ɗora tafin hannu a jikin bangon ta ciki. A yawancin gidajen da ake ginawa yau da bulon siminti da rufin kwano, zai ji bangon da ɗumi, alhali rana ta daɗe da faɗuwa, waje kuma har ya fara hucewa. Bangon ya wuni yana shan rana, yanzu yake amayar da ita a kan masu barci. Sai a kunna fanka, ita kuma ta yi ta juya iskar zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mai hali ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, daga ranar ya ɗauko wa kansa kuɗin wutar da zai yi ta biya muddin gidan na tsaye, a kan kuskuren da aka tafka tun ranar da aka ja layin harsashi.

A ganina, yawancin surutun da ake yi a kan gini mai kare muhalli daga wutsiya ake fara shi. Da an taɓo batun sai a hau maganar farantan sola, da kwan fitila mai tsimin wuta, da na'urorin da ke kashe kansu idan ba kowa a ɗaki. Duk suna da amfani, ban musa ba. Amma shawarar da ta fi tasiri a kan yawan makamashin da gida zai ci a tsawon rayuwarsa, a cikin 'yan makonnin zane ake yanke ta: ina gidan zai fuskanta, wane irin rufi za a ɗora, a ina za a buɗe tagogi kuma me zai yi musu inuwa, da me za a tayar da bango. Waɗannan su ne mafi arha a duk aikin, su ne kuma ba sa gyaruwa daga baya sai da rusau. Tun ran gini tun ran zane. Tunda kuma sau da yawa wanda ya gina ba shi zai kwana a ciki ba, bai kamata a bar wannan shawara ga ganin damarsa ba. Doka ya kamata ta shiga.

Girman matsalar ya wuce yadda ake zato. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2022 ya ce gine-gine da aikin gini su ke da alhakin kusan kashi 37 cikin 100 na iskar kabon mai ɗumama duniya da ake fitarwa ta hanyar makamashi da masana'antu a duniya. Kaso mafi girma yana tafiya ne wajen gudanar da gidan, wato sanyaya shi, ɗumama shi, haskaka shi da dafa ruwa a cikinsa. Sauran kuma an riga an ƙone shi kafin kowa ya tare, a masana'antun siminti da ƙarfe da gilashi da alminiyam.

Na'urar sanyaya ɗaki ta zamani Willis Carrier ne ya ƙirƙiro ta a 1902, domin wata maɗaba'a a birnin New York da laima ke ɓata wa takardu. Abin da ta yi wa sana'ar gini bayan nan ba ƙarami ba ne. Kafin zuwanta, dole magini ya yi sulhu da rana da iska, in ba haka ba gidansa ba zai zaunu ba. Shi ya sa mutanen Yazd a ƙasar Iran suka riƙa gina hasumiyoyin da ke kamo iska su sauko da ita cikin gida, wasu ƙasashen suka yi tsakar gida mai inuwa da lunguna matsattsu, masu zama a yankunan ruwan sama kuma suka ɗaga gidajensu sama suka bar iska tana ratsa su. Da na'urar ta wadata, sai mai zane ya samu lasisin yin sakaci. Akwatin gilashi iri ɗaya ake dasawa a ƙasar ƙanƙara da cikin hamada, ana cewa injin zai gyara sauran.

Hukumar makamashi ta duniya ta yi lissafi a 2018 cewa akwai irin waɗannan na'urori kusan biliyan 1.6 a duniya, kuma za su kai biliyan 5.6 nan da 2050. Su da fankoki suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na duk wutar lantarkin da duniya ke sha. Iskar gas ɗin da ke cikin da yawansu, idan ta tsiyaye, ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon sau ɗaruruwa har dubbai, abin da ya sa ƙasashe suka amince a birnin Kigali na Ruwanda a 2016 cewa za a riƙa rage ta sannu a hankali. Ga kuma wani abin da ba a cika lura da shi ba: na'urar ba ta kashe zafi, kwaso shi take yi daga ɗaki ta watsa a titi. Wani bincike a birnin Phoenix na Amurka ya gano cewa zafin da na'urorin ke fitarwa yana ƙara wa iskar wasu unguwanni fiye da digiri 1 da dare. Wato mai kuɗi yana sanyaya ɗakinsa yana ƙara wa maƙwabcinsa marar hali zafi.

Kada a ɗauka ina yaƙi da na'urar ne. A lokacin tsananin zafi tana ceton rayukan tsofaffi da jarirai da marasa lafiya, kuma babu mai hankalin da zai ce a hana asibiti ita. Abin da nake cewa shi ne a sa ta a ƙarshen layi. Sanyaya gidan da rufinsa ke tafasa, tagoginsa na kallon rana tsirara, ɗiban ruwa ne da kwando. A fara gyara gidan, sai a ga ƙaramar na'ura ta isa inda dā ake buƙatar babba, wasu watannin ma ba a kunna ta gaba ɗaya.

A ƙasashe masu zafi, inda gizo ke saƙar shi ne rufi. Da tsakar rana, rana na tsaye ne a kai, saboda haka rufin gida mai hawa ɗaya ya fi kowane bango shan ta. Rufi mai duhun launi yakan kai digiri 65 a ma'aunin Salshiyas ko ma ya wuce, fari kuwa a ƙarƙashin rana ɗaya yana iya yin ƙasa da haka da kusan digiri 28. Bambancin launi kawai ke nan. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da 1,300, hukumomi suka fito da shirin tunkarar zafi a 2013, daga baya suka haɗa da shafa wa rufin gidajen talakawa farar ƙasa da farin fenti. An samu ɗakunan sun ragu da digiri 2 zuwa 5. Wanda bai taɓa kwana a ɗakin da ya kai digiri 38 ba zai raina wannan adadi, amma shi ne tazarar da ke tsakanin barci da juye-juye har gari ya waye. Sai dai fari yana yin dauɗa, ƙura na rage masa ƙarfi, dole a riƙa wankewa ko sake shafawa. Wannan ma a faɗa wa mutane tun farko.

Misalin da ya fi burge ni shi ne makarantar firamare ta ƙauyen Gando a Burkina Faso, wadda Diébédo Francis Kéré ya zana aka kammala a 2001. Kwano ne a samanta, irin wanda ake kuka da shi a ko'ina, amma bai zauna a kan ɗalibai kai tsaye ba. An ɗaga shi a kan saƙar rodi, an bar sarari buɗaɗɗe tsakaninsa da silin ɗin ajin, wanda aka yi da bulon ƙasa. Idan rana ta gasa kwanon, iskar da ke ƙarƙashinsa ta yi zafi, sai iskar waje ta ratsa sararin ta tafi da ita, ba ta samu damar sauka kan yara ba. Kwanon ya kuma zarce bango sosai ta kowane gefe, yana yi masa inuwa yana kare shi daga dukan ruwan sama. Bangon kansa na ƙasar wurin ne da aka gauraya da ɗan siminti aka matse. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu. Ginin ya ci kyautar zanen gini ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya samu wannan lambar da ta fi kowace daraja a fagen zanen gini. Babu wani abu a cikin wannan makaranta da ya gagari ƙaramin ɗan kwangila. Abin da aka ƙara kawai shi ne wani ya zauna ya yi tunanin inda zafi zai bi ya fita.

Haka batun fuskar gida yake. Rana tana fitowa ƙasa-ƙasa daga gabas, ta faɗi ƙasa-ƙasa a yamma, kuma haskenta a waɗannan lokuta yana shigowa ne a kwance, babu wata rumfar da za ta tare shi cikin sauƙi. Bangon kudu da na arewa kuwa, ɗan zarcewar rufi ya isa ya rufe musu rana. Don haka a ƙasa mai zafi dogon gefen gida ya kalli kudu da arewa, gajerun gefuna su kalli gabas da yamma, a rage musu tagogi, a tura banɗaki da ɗakin ajiya da matakala can su zama garkuwa. Tagogi kuma su kasance a bango biyu masu kallon juna domin iska ta shiga ta fita. Inuwa ta zama a waje, domin labulen ciki yana tare haske ne bayan zafi ya riga ya ƙetare gilashi. Duk wannan bai ƙara wa mai gini ko bulo ɗaya ba. Amma sai ka ga an juya gida ya kalli titi kawai don a ga kyansa, an manna masa katon gilashi a fuskar yamma, sannan a zo ana mamakin kuɗin wuta. Gilashin ma har ɓarna yake yi a waje: a 2013 wani dogon bene mai lanƙwasasshiyar fuska a birnin Landan ya tattara hasken rana ya narkar da sassan jikin wata mota da aka ajiye a titi, sai da aka bi shi da abin tare rana daga baya.

A ƙasashen sanyi lissafin yana juyawa, amma hankalin ɗaya ne. A 1991 aka gina wasu gidaje huɗu a jere a birnin Darmstadt na Jamus bisa tsarin da masanin kimiyya Wolfgang Feist ya jagoranta, wanda ake kira Passivhaus. An lulluɓe su da abin hana zafi fita mai kauri, aka sa tagogi masu gilashi ninki uku, aka toshe duk wata kafar iska, aka sa na'urar da ke karɓe ɗumin iskar da ke fita ta ba wadda ke shigowa. Ma'aunin tsarin shi ne kada ɗumama gida ya ci fiye da kilowat-awa 15 a kowace murabba'in mita a shekara, wato kusan kashi ɗaya bisa goma na abin da tsofaffin gidajen yankin ke ci. A Harare ta Zimbabuwe kuma akwai cibiyar kasuwanci ta Eastgate da Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996. Da dare fankoki na tura iska mai sanyi ta cikin kankaren benayen ya sha sanyi, da rana kankaren ya riƙa tsotse zafin ofisoshi, iskar da ta ɗumama ta fice ta bututan da ke saman ginin. Dabarar tana aiki ne saboda daren Harare yana da sanyi. A garin da ke bakin teku, inda laima ta yi yawa kuma dare bai cika bambanta da rana ba, bango mai kauri ba shi da lokacin hucewa, can gini marar nauyi mai yawan kafofin iska ya fi dacewa. Wanda duk ya zo maka da zane ɗaya ya ce zai yi a ko'ina, kayansa yake son sayarwa.

Sai batun kayan gini, kuma a nan siminti ne uban tafiya. Duniya na samar da kusan tan biliyan 4 a shekara, kusan rabi a ƙasar Sin, kuma shi kaɗai yana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a tanderu mai zafin digiri 1,450. Man da ake ƙonawa wani ɓangare ne kawai na hayaƙin. Fiye da rabinsa daga jikin dutsen yake fita, domin idan aka gasa shi dole ya saki kabon ɗin da ke cikinsa kafin ya zama abin da ake buƙata. Ma'ana, ko da hasken rana aka hura tanderun, wannan kason yana nan. Shi ya sa masu bincike a jami'ar fasaha ta Lausanne a Suwizalan, tare da abokan aikinsu a Kyuba da Indiya, suka fito da simintin da ake kira LC3, inda ake maye gurbin kusan rabin gasasshen dutsen da yumɓun da aka gasa a digiri 800 da kuma niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ɗanye. Yana iya rage hayaƙin har da kusan kashi 40 cikin 100, yumɓu kuwa kusan babu ƙasar da ba ta da shi. Katako ma ya dawo fage da ƙarfinsa: a 2019 aka kammala bene mai hawa 18 da tsawon mita 85 a garin Brumunddal na Norwe, kusan dukkan ƙashin bayansa na katakon da aka manne aka matse ne. Wannan ya yi wa ƙasar da ke dasa itace fiye da yadda take sarewa. Inda daji ke ƙarewa kuwa, kiran katako abokin muhalli yaudarar kai ce.

Ba cewa nake a daina amfani da siminti ba. Harsashi, ginshiƙi, gada, madatsar ruwa, duk ba su da madadinsa a yanzu. Tambayata ita ce me ya sa ake cika bangon gida mai hawa ɗaya da shi, bangon da ba ya ɗauke da komai sai rufi, alhali ƙasar da aka haƙo daga ramin harsashin tana jibge a gefe ana neman motar da za ta kwashe ta.

Ga yadda ake yin bulon ƙasa na zamani. A kankare ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi a ajiye gefe, a ɗebo ta ƙarƙashi. A tankaɗe ta, a gwada yawan yashi da yumɓun da ke cikinta, domin idan yumɓu ya yi yawa bulon zai tsage, idan yashi ya yi yawa zai marmashe. A zuba ɗan siminti ko farar ƙasa, abin da bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, a yayyafa ruwa daidai yadda idan ka dunƙule ta a hannu za ta kama jikinta ba tare da ta jiƙa maka tafi ba. A zuba a injin matsi, na hannu ma ya isa, a danna, bulo ya fito da kaifin gefe. A jera a inuwa, a rufe da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa na kusan mako huɗu. Ba a ƙona ko itace ɗaya ba. Bangon da aka yi da shi mai kaurin santimita 30 yana jinkirta shigowar zafin rana da sa'o'i takwas ko fiye, sai ya iso ciki cikin dare a raunane, lokacin da za a iya buɗe tagogi iska ta kwashe shi.

To me ya hana mutane? A nan masu kishin ginin ƙasa sukan yi wa kansu illa, domin suna ɓoye aibinsa. Ƙasa ba ta shiri da ruwa. Idan ba a ɗora bangon a kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga shi daga ƙasa ba, ba a kuma ba shi rufi mai zarcewa ba, damina biyu ta isa ta fara cin gindinsa. Birnin Shibam na Yaman, mai benayen ƙasa masu hawa biyar zuwa sama da suka shafe ɗaruruwan shekaru, yana tsaye ne saboda ana bin sa da yaɓe ba fashi, kuma ambaliyar 2008 ta yi masa ɓarna sosai. Ginin ƙasa marar ƙarfafawa kuma ba ya jure girgizar ƙasa: a birnin Bam na Iran mutum fiye da 26,000 suka mutu a 2003, da yawansu a ƙarƙashin irin waɗannan gidaje. Akwai kuma darasin Hassan Fathy, shahararren mai zanen gini na Masar, wanda a shekarun 1940 ya zana sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor da tubalin ƙasa zalla. Zanen ya yi kyau, ɗakunan na da sanyi, amma yawancin mutanen da aka gina dominsu suka ƙi tarewa, aikin ya tsaya bai kammala ba. Ba a raba mutane da wurin neman abincinsu da kyakkyawan zane. Sannan a wurare da yawa a duniya, mutumin da ya tashi a gidan ƙasa mai yoyo ya sha alwashin in ya samu kuɗi ba zai sake kwana a cikinsa ba. Wannan mutumin ba jahili ba ne, abin da ya gani da idonsa yake gudu. Ba wa'azi zai sauya masa ra'ayi ba, sai ya ga banki ko asibiti ko gidan wani babba da aka yi da bulon ƙasa ya shekara ashirin bai tsage ba. Bankuna da kamfanonin inshora ma sai sun ga ma'auni a rubuce kafin su yarda su ba da bashi a kan irin wannan gida.

Kayan zamani ma suna da nasu haɗarin idan aka bar su ba sa ido. A watan Yunin 2017 gobara ta cinye benen Grenfell mai hawa 24 a Landan, mutum 72 suka rasu. Shekara guda kafin nan aka gama yi wa benen kwaskwarima, aka lulluɓe shi da abin riƙe ɗumi da faranta masu roba a tsakiya, dukkansu masu kama wuta, su ne suka kai gobarar daga hawa na huɗu zuwa ƙololuwa cikin ƙanƙanin lokaci. Tsimin makamashi na cikin dalilan yin aikin. Duk wanda ke kiran a yi doka, irina, dole ya riƙe wannan a ransa: dokar da ta ce a sa abin hana zafi amma ba ta ce a gwada shi da wuta ba, kisa take shiryawa.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne ginin da ke tsaye ya riga ya biya bashin hayaƙinsa. Rushe shi don a gina sabo mai tsimin wuta yakan ɗauki shekaru da dama kafin ribar ta rufe asarar. A birnin Bordeaux na Faransa, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal da abokan aikinsu sun gyara wasu tsofaffin benaye uku masu gidaje 530 ba tare da rusau ba. Sun ƙara wa kowane gida baranda mai faɗi da ake rufewa da buɗewa gwargwadon yanayi, mazauna kuma suna ciki aka yi aikin, ba a tashi kowa ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake cewa sai da doka. Mai gina gida don sayarwa ko haya, ribarsa tana cikin rage kuɗin gini ne. Kuɗin wuta na shekara hamsin masu zuwa aljihun wani zai fita. Mai neman haya kuma yana ganin tayil da fenti da ƙyallin ƙofa, ba ya ganin abin da ke tsakanin kwano da silin, sai zafi ya zo ya gane abin da ya kama. Kasuwa ba ta gyara irin wannan da kanta, domin mai yanke shawara daban, mai shan wahala daban. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara aiki da dokar makamashin gini tun 1978, bayan rikicin man fetur na 1973. Tarayyar Turai ta wajabta tun 2002 a riƙa ba gida takardar shaidar yawan makamashin da yake ci, a nuna wa mai saye ko mai haya kafin ya sa hannu, ƙasashe da yawa suna jera ta daga harafin A (mafi tsimi) zuwa G (mafi cin makamashi). Faransa ta ƙara gaba: daga Janairun 2025 ba a ba da hayar gidan da ya faɗa ajin G, kuma dokarta ta gini da ta fara aiki a 2022 tana ƙirga har da hayaƙin da aka fitar wajen yin kayan ginin. Indiya ma tana da nata kundin tun 2007, na manyan gine-ginen kasuwanci.

Na san abin da za a ce. Za a ce doka za ta ƙara tsadar gida ga talaka, kuma a ƙasashe da dama yawancin gidaje masu su ne ke gina su ɗaki-ɗaki, babu mai zane, babu takardar izini. Za a ce sabuwar doka sabuwar ƙofar cin hanci ce ga jami'in duba gini. Duka biyun gaskiya ne, kuma kwafo kundin wata ƙasa mai shafi ɗari biyar ba zai haifar da komai ba sai ƙura a kan kanta. Dokar da nake nufi gajeriya ce, wadda mai wucewa a titi zai iya gane ko an bi ta: rufi mai hasken launi, sarari ko abin hana zafi tsakanin rufi da silin, inuwa a kan duk tagar da ke kallon rana, iyaka ga yawan gilashi a gabas da yamma, tagogi a gefe biyu na ɗakin kwana. A fara da waɗanda ba su da uzuri, wato manyan kamfanonin gidaje, otal-otal, ofisoshi, da gwamnati kanta. Gwamnati ce babbar mai gini a kusan kowace ƙasa. Idan ta rubuta a takardar kwangila cewa kowace sabuwar makaranta da ƙaramin asibiti sai an yi su a kan wannan tsari, cikin 'yan shekaru za a samu dubban birkiloli da kafintoci da suka iya aikin, masu injin matse bulo su samu kasuwa, farashi ya sauko.

Waɗannan ma'aikatan su ne za su kai abin inda doka ba ta isa. Mai ginin ɗaki biyu ba ya karanta kundin gwamnati, birkilansa yake tambaya, abin da birkila ya ce kuma shi ake yi. A yau yawancinsu abin da suka koya a wajen iyayen gidansu shi ne yadda za a tsayar da bango a miƙe a kuma yi tsimin siminti, babu wanda ya taɓa nuna musu dalilin da zai sa a matsar da taga daga yamma zuwa arewa, ko a ƙara wa bakin rufi rabin mita. Horon mako biyu a wurin aiki, a kan ginin gaske, ya isa ya koya musu wannan, kuma kuɗinsa bai kai na na'urorin sanyaya ofishin ma'aikata guda ɗaya ba.